Tiyatar zuciyar Baba: a tsayar da ita ko a ɗinka tana bugawa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Babanmu shekararsa 68, ga ciwon suga, ƙodarsa ma ta yi rauni. Jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe, za a ciro wasu daga jikinsa a dasa masa su kewaye wurin toshewar. Wani likita a Indiya ya ce zai tsayar da zuciyar, inji ya riƙe aikinta da na huhu har a gama. Wani kuma ya ce tana bugawa zai ɗinka. Waɗanda aka yi wa nasu, wanne kuka zaɓa?

Abu Sadiq: Allah ya ba shi lafiya. Kun gwada tafarnuwa da zuma?

Hajiya Talatu: 'Yata, mu ko tambayarmu ba a yi ba. Dillali ya tarbe mu a Delhi, ya ce dala 7,000, muka ƙare a 12,000. Maigidana ƙirjinsa ya warke lafiya, ƙafar da aka ciro jijiya ce ta ruɓe, wata uku muna wanki. Tafintan kuwa kwana biyu ya kashe waya, na zauna a bakin ɗakin ina kuka, ba mai jin yarena.

Ɗan Kantin Kwari: 12,000? Yayana a Alkahira 9,000 har da masauki.

Nas Bilkisu: Maman Hanif, an gwada hanyoyin biyu a kan mutum 4,752 a binciken CORONARY, bayan shekara 5 ba wani bambanci a mutuwa ko shanyewar jiki. Na tsoffin sojojin Amurka a 2009 ya nuna jijiyoyin da aka dasa zuciya na bugawa sun fi saurin toshewa. Ki tambayi kowane likita sau nawa ya yi irin tiyatarsa, kuma zai sa jijiyar cikin ƙirji? Ta fi ta ƙafa daɗewa nesa ba kusa ba. Maganar ƙodar ma ki sa su amsa.

Abu Sadiq: Ke nas ce ko likitar zuciya?

Hajiya Talatu: Wanda ya kwana a asibiti ya fi mai karatu sanin ciwo.

Baban Yara: Ni tawa tun ranar da aka kawo lissafin lefe ta tsaya, babu inji.

Ɗan Kantin Kwari: Hajiya, dillalin naki ɗan gida ne? Su ne ke cin kaso daga asibiti, su ci a canjin dala.

Hajiya Talatu: Ɗan unguwarmu ne ma. Da sallah har gaisuwa ya zo.

Maman Hanif: Jama'a, Litinin za mu tura kuɗin fa.