Tankin gas na gida a Amurka: saye ko haya? Ga abin da aka tattauna

Salam 'yan uwa, tattaunawar da aka yi kan ko gara mutum ya sayi tankin gas na gida ko ya karɓi haya ta yi tsawo sosai, shi ne na ce bari in tattaro muku ita wuri ɗaya saboda masu sayen gida a wajen gari.

1. Kusan kowa ya yarda haya ta fi sauƙi da farko, kamfani ne zai kawo tanki ya kafa, in ya lalace shi zai gyara.

2. Amma fa tankin haya kamfanin da ya ba ka shi kaɗai ke cika shi, a jihohi da yawa ma doka ce, to in ya ƙara kuɗi ba inda za ka je, wasu kuma sun ce in ba ka sha gas da yawa a shekara ba sai a caje ka, ranar da za ka rabu da su ma akwai kuɗin ɗauke tanki. Wannan ne ya fi damuna gaskiya.

3. Masu nasu sun ce suna tambayar farashi wurare uku, su cika da bazara kafin sanyi ya shigo. Tankin galan 500 dai 400 ake zuba masa, kashi 80 kenan.

4. Inda ra'ayi ya rabu: gyaran tankin da mutum ya saya. Wasu na ganin ba komai ba ne, wasu sun ce na binnewa a ƙasa sai ana duba tsatsa.

5. In ka sayi gida da tanki a ciki, don Allah ka nemi takardar mallakarsa kafin ka sa hannu.