Zan yi aure, uban yarana ya ce sai na ajiye masa su

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara ɗaya da rabi da rabuwarmu, saki uku ne. Yara biyu suna hannuna, namijin shekara 6, macen 3. Yanzu Allah ya kawo wani, an sa rana bayan Babbar Sallah. Jiya uban yaran ya aiko ƙaninsa, wai ranar da aka ɗaura ranar zai kwashe 'ya'yansa, ba za su yi agolanci ba. Hajiyata tana nan da ƙarfinta, ta ce a bar mata su. In riga shi zuwa kotu ne, ko in bari manya su zauna?

Uwargida Ran Gida: Ki yi haƙuri ki koma ɗakinki ƙanwata, ko don yaran nan.

Maman Biyu: Yaya, saki uku fa na ce.

Ɗalibin Zaure: A Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In kika tare da wanda ba muharramin yaran ba, riƙon ya bar hannunki, amma ba uban ne ke biye ba, mahaifiyarki ce. Ci da sutura da magani kuwa suna wuyansa ko a ina suke. Zancen da an yaye yaro uba ya ɗauke, al'ada ce kawai.

Ta Kurna: A littafi kenan, Malam. Ni manyan suka zauna a zauren kawuna, aka yi fatiha, aka watse ba ko takarda. Sallah ta zo tsohon mijina ya ce a ba shi 'yarmu ta yi kwana uku. Ni da hannuna na yi mata kitso, na sa mata lalle, na haɗa kayanta a leda. Kwana uku suka zama wata huɗu. Ashe ya kai ta wata jiha wajen yayarsa. Ranar da na gan ta, kitson nan nawa ne a kanta, ya cukurkuɗe, sai aske shi aka yi. Ta ƙi zuwa wajena, an ce mata na gudu na bar ta. Zama bakwai na yi a kotu kafin a ba ni ita, lauya ya ci dubu 150. Har yau ba ta yarda ta kwana a ɗaki ita kaɗai.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya saka miki.

Bazawara Mai Aji: Dubu 150? An yanke ki. Kotun Musulunci ba sai da lauya ba, ni da bakina na yi bayani. Kuɗin sammaci da na adaidaita ko dubu 10 ban kashe ba. Alƙali ya yanka masa dubu 20 kowane yaro a wata.

Ta Kurna: Ni dubu 8 aka yanka, ita ma sai ya ga dama.

Ɗan Fagge: Ki fara zuwa Hisbah, suna yin sulhu kuma a rubuce. In lauya kike so, lauyoyi mata na FIDA suna taimakawa.

Bazawara Mai Aji: Kai da ko baiko ba ka taɓa yi ba, me ka sani?

Ɗan Fagge: Ni ne agolan da ake magana, Hajiya. Shekara 11 na yi ina cin tuwo a murfin kwano.

Tuzurun Unguwa: Maman Biyu, in angon ya tsorata, ga ni. Ina karɓar agola har da kakarsu.

Baban Uku: Mu ma a ji namu. Duk wata ina turawa, amma in na je ganinsu sai tsohuwar ta ce sun tafi Islamiyya. Ranar Juma'a ma Islamiyya?

Ta Kurna: Kun iya kuka. Ku fara sakin kayan ɗakin mutane tukuna. Gadona da firjina har yau amaryarsa ke mora.

Maman Biyu: To in je kotun kafin ɗaurin auren ko bayan?

Bazawara Mai Aji: Ta Kurna, kina da rasit ɗin firjin? Ni da rasit na ƙwato keken ɗinkina.