Shiga ƙorama da ƙaramar mota mai rimot: wa ya san kan abin?

Ɗan Zuru:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Motata mai rimot samfurin TRX-4 ce, sikelin 1/10 (kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske), kuma an ce ruwa ba ya yi mata komai. Yanzu da ruwa ya fara janyewa a ƙoramun gefen duwatsun Zuru, zurfin nawa za ta iya shiga? Me ake yi mata bayan an fito?

Bakanike_BK:
Wa alaikumus salam. Maganar nan ta ruwa, kayan wuta kawai take nufi: ESC (na'urar da ke sarrafa gudun inji), sarbon sitiyari (ɗan injin da ke juya tayoyin gaba) da akwatin risiba (mai karɓar siginar rimot). Boris ba ya ciki, ƙarfe ne, ka bar shi da laima ya kwana biyu sai tsatsa. Kuma yashi ya fi ruwan ɓarna. Injin mai burushi akwai maganaɗisu a ciki, yana jawo baƙin yashin nan mai ƙarfe, ya cinye burushin.

Kafin ka fita, buɗe aksil gaba da baya da akwatunan giyar da ke jikin ƙafafu, ka cika su da giris irin na jirgin ruwa. Duba robar murfin risiba ta zauna daidai. Zurfi kuwa, iyakarsa saman taya. Ta nutse, siginar 2.4GHz ba ta ratsa ruwa da kyau, sai ka ga mota ta daina jin magana a tsakiyar ƙorama.

Da ka dawo, cire batir tukuna. Wanke da ruwa mai tsabta ba mai ƙarfi ba, ka busar da ita da iska wurin mai faci, sannan ɗigon mai a kowane boris.

Malam Na-Yauri:
Ƙari kan na oga: tayoyi. Ruwa na shiga ta 'yan hujojin iska, soson ciki ya sha ya yi nauyi, har ya ruɓe. Toshe su da salatif kafin a shiga, ko, in rim ɗin mai kwantuwa ne, ka kwance shi ka shanya soson a inuwa.

Kan dutse mai gansakuka, giya ta ƙasa, kulle aksil duka biyu, totur kaɗan-kaɗan. Taya ta fara juyawa a banza, to riƙo ya tafi, ƙara wuta ba ya dawo da shi. Nauyi ya ɗan rinjaya gaba, kamar 60 da 40.

Ɗan Zuru:
Madalla Malam. Batir fa, 2S (mai sel biyu) ko 3S (mai sel uku)?

Bakanike_BK:
2S, wato 7.4V, ya ishe ka, ya ma fi sauƙin sarrafawa a kan santsi. Kunna yanayin LiPo (irin batirin ke nan) a ESC don ta yanke wuta kafin batir ya zube. In za a ajiye, 3.8V kowane sel. Kada ka bar shi cikin mota a rufe da zafin Afrilu, kumbura yake, har ya kama wuta.

In kuma ka hango hadari ta wajen tudu, kwashe kayanka ka hau gaɓa, ko da ba a yi ɗigo ɗaya inda kake ba.