Jiragen da ba su da inji, ta yaya suke komawa gida daga Ikko?

Direban tifa, Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar ruwa. Yashi nake ɗauka a bakin ruwa wajen Oworonshoki, kullum da la'asar ina ganin masu haƙo shi suna dawowa, kwale-kwale cike har ruwa na lasar bakinsa. Sun kafa gora, sun ɗaura mata buhunan shinkafa da aka ɗinke wuri ɗaya, iska na turo su. Amma na lura iskar nan kusan kullum daga teku take busowa. To Turawan da suka fara zuwa nan babu inji, na gane yadda iska ta kawo su. Komawar fa? Zama suke yi har ta juya?

Tsohon ma'aikacin jirgi, Apapa:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi aiki a jiragen kamfanin gwamnatin tarayya har aka rufe shi a 1995. Namu masu inji ne, amma ba wanda zai daɗe a teku bai koyi halin iska ba.

Kwale-kwalen da kake gani ƙasansa a shafe yake, in iska ta buge shi ta gefe sai ya zame. Babban jirgi kuwa yana da doguwar ƙashin baya da ke nutse cikin ruwa, ita ke hana shi zamewa. Don haka yana iya tafiya wajen da iska ke fitowa, amma a karkace, ya yi dama ya yi hagu, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu. Mutanen Fotugal da suka iso gaɓar nan wajen 1472 ƙananan jirage suka zo da su, masu zanen kama iska mai kusurwa uku, don shi ya fi iya wannan karkacewa.

Duk da haka bai ishe su ba. A gaɓarmu iska daga kudu maso yamma take zuwa, ruwan kuma gabas yake ja, su biyun sun haɗu a kan mai son komawa yamma. Sai suka daina kokawa da su. Daga nan kudu suke nufa, wajen tsibirin Sao Tome, inda ruwa ke jan jirgi yamma. Su nausa tsakiyar teku har ƙasa ta ɓace musu, su yi arewa zuwa tsibiran Azores, can iskar yamma ta kai su Lisbon, babban birnin Fotugal. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Mutumin da ya fara yarda ya juya wa ƙasa baya don ya isa gida, ni dai ina sara masa.

Kuma a wancan zamanin manyan jiragen ba sa shigowa Ikko. A lokacin akwai tudun yashi a bakin mashiga, ya ci rayuka da yawa. Can waje suke jefa anka, matuƙan kwale-kwale su yi ta jigilar kaya da mutane cikin igiyar ruwa. Sai da aka jibge duwatsun da jirgin ƙasa ya kawo daga wajen Abeokuta, aka kare mashigar hagu da dama, sannan babban jirgin wasiƙu ya fara shiga a 1914.

Malamar makaranta, Idi-Araba:

Baba, Allah Ya ƙara girma. Sai dai a faɗa wa ƙanenmu abin da jiragen ke ɗauke da shi. Ruwan nan mai jan jirgi yamma shi ne hanyar Barazil. A farkon shekarun 1800 Ikko na cikin manyan tashoshin fitar da bayi, kuma akwai Hausawa da yawa cikinsu, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen zamanin aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu har bakin teku. A yankin Bahia na Barazil aka sauke su. A 1807 Hausawan can suka shirya tawaye aka gano su. A 1835 Musulmi suka tashi a birnin Salvador cikin watan Ramadan, a jikin waɗanda aka kashe aka sami layu da rubutun Larabci. Duk lokacin da na bi ta Popo Aguda, unguwar waɗanda suka dawo Ikko daga Barazil, waɗanda ba su dawo ba nake tunawa. Gwanintar matuƙan gaskiya ce, amma ba na iya yaba ta ban ji ɗaci ba.

Mai sayar da agogo, Idumota:

Kakanmu da ƙafa ya je Hajji ta Sudan. Ya ce a Sawakin suka hau jirgin katako mai zane zuwa Jidda. In iska ta kwanta jirgi ya tsaya cak, ruwan sha kuma a auna wa kowa. Baba, ba agogo ba na'ura, ta yaya suke sanin gudun jirgi?

Tsohon ma'aikacin jirgi, Apapa:

Malama, maganarki dutse ce, Allah Ya jiƙansu.

Alhaji, matuƙan Ingila igiya suke ɗaura wa katako su jefa ta bayan jirgi. An ƙulla igiyar kowace ƙafa 47 da inci 3. Mutum ɗaya na riƙe da kwalbar yashi mai zubewa cikin daƙiƙa 28, wani na ƙirga ƙullin da ke sulluɓewa ta yatsunsa. Ƙulli shida, gudu shida ke nan. Har gobe da shi ake lissafi, ƙulli ɗaya kilomita 1.852 a awa. Zurfi kuma da darma suke aunawa, a shafa mata kitse a gindi. In an jawo ta, kyaftin ya duba abin da ya manne, yashi ko laka ko ɓawon kifi, daga nan ya san inda yake ko da dare ne.