Secretariat: ina 'ya'yansa suka shiga?

Ɗan Barga:
Assalamu alaikum masoya dawaki. Tambayata a kan Secretariat ce, jan ingarman nan na Amurka da ya lashe manyan gasannin sukuwa uku na ƙasar, wato Kentucky Derby da Preakness da Belmont, a 1973, bayan an shekara 25 babu dokin da ya yi haka. Ku nemi bidiyon sukuwar Belmont ku gani. Mil ɗaya da rabi cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya ba mai bi masa ratar tsawon doki 31, har mahayinsa Ron Turcotte yana waiwaye yana neman sauran. Har yau ba a karya wannan tarihin a Belmont ba. To doki irin wannan, ina 'ya'yansa? Ban taɓa jin an ce wani ɗansa ya gaje shi ba.

Baban Hafsat:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wajen 'ya'ya maza kake ta dube, shi ya sa ba ka gani ba. Koma wajen matan.

Mutane sun ɗora masa buri mai yawa tun kafin ya ci gasannin nan. Mai gonar da aka haife shi, Christopher Chenery, ya rasu a farkon 1973, harajin gado ya taso 'yarsa Penny a gaba, sai aka sayar da haƙƙin barbarar dokin a kan dala miliyan 6.08, aka raba shi hannun jari 32. Duk wanda ya zuba kuɗi irin wannan, wani Secretariat ɗin yake jira, kuma ba a samu ba. Amma kar a ce bai haifi komai ba. Ɗansa Risen Star ya ci Preakness da Belmont a 1988. 'Yarsa Lady's Secret ita ce gwarzuwar dawakin Amurka ta 1986, gaba da mazan duka.

Inda jininsa ya yi aiki sosai shi ne cikin goɗiyoyin da ya haifa. Terlingua ta haifi Storm Cat, wanda a wani lokaci sai an biya dala 500,000 kafin a kai masa goɗiya. Weekend Surprise ta haifi A.P. Indy, shi ma ya ci Belmont a 1992. Secrettame kuma ta haifi Gone West. Ka bi salsalar dawakin da ke cin gasa a Amurka yau, da wuya ka daɗe ba ka ci karo da ɗaya daga cikin ukun nan ba. Ni a wurina ya bar baya, kuma baya mai kyau.

Hajiya Mai Dawaki:
Baban Hafsat ya gama magana. Abin da ke taɓa ni shi ne ƙarshensa. Ciwon kumburin cikin kofato ya kama shi a gonar Claiborne da ke Kentucky, aka yi magani har aka gaji, sai aka yi masa allurar hutawa ranar 4 ga Oktoba, 1989, yana da shekara 19. Likitan da ya buɗe shi ya ƙiyasta zuciyarsa ta kai kusan kilo 10, alhali ta sauran dawaki ba ta cika wuce 4 ba. Ƙiyasi ne dai, ba a ɗora ta a sikeli ba. An binne shi ɗungurungum, alhali a al'adarsu kai da zuciya da kofatai kawai ake binnewa.

Ɗan Barga:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Ni kam Sham, dokin da ya yi ta karawa da Secretariat a gasannin nan uku, nake tausayi. Ya zo na biyu a Kentucky Derby da gudun da a wata shekarar kofi zai ɗauka, ya sake zuwa na biyu a Preakness, a Belmont ya ce sai ya kara da Secretariat tun daga farko, ya ƙare a na ƙarshe. Akwai wanda ya san yadda ta kaya da shi bayan nan?