Zafin bazara yana kakkaɓe mini furen tumatir a cikin rumfar leda

Mai Lambu, Garwa:

Assalamu alaikum. Ina gaida manya da ƙanana. Ina da ɗan lambu a gefen kogin Binuwai, nan Garwa ta Kamaru, wanda na gada daga mahaifina, kuma a ƙarshen daminar bara na zuba abin da na tara na kafa rumfar leda, irin wadda masu jin Faransanci suke kira ser. Tsawonta mita 24 ne, faɗinta mita 8, tsayinta a tsakiya mita 3, ƙirarta kamar rabin ganga da aka kife, da ƙofa ɗaya a kowane kai, kowace mita biyu tsaye mita biyu kwance. Daga Disamba zuwa Fabrairu tumatirin ya yi kyan da maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Amma tun tsakiyar Maris al'amarin ya juya. Ma'aunin zafin da na rataye a ciki yana kaiwa digiri 49 da azahar, alhali a inuwar mangwaro bai wuce 41 ko 42 ba. Ganye yana nannaɗewa, fure yana yin rawaya daga wuya ya faɗi tun bai ɗaura ba, 'yan ƙwayoyin da suka ɗaura kuma gindinsu yana yin baƙi ya lotsa. Ina ban ruwa safe da yamma, da rana kuma ina watsa ruwa a ƙasa, amma sai wurin ya ƙara yin turiri. Shin akwai dabarar sanyaya rumfar da ba za ta fi ƙarfin aljihuna ba, ko kuwa in yaye ledar in huta?

Tsohon Malamin Gona, Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yaye tukuna. Irin rumfar da ka kwatanta an ƙirƙiro ta ne domin ƙasashen sanyi, inda buƙatar manomi ita ce ya kama zafin rana ya tsare shi, to ita aikinta take yi, mu ne muka kawo ta inda zafi ya yi mana yawa. Hasken rana yana ratsa ledar ya gasa ƙasa da ganye da ƙarafa, iskar da ta ɗumama ta tashi sama ta tarar da rufi a toshe, sai ta tsaya a nan tana ƙara taruwa.

Tumatir kuwa ba ya jure wannan. Da zarar zafin yini ya zarce digiri 32 zuwa 35, garin furen yakan lalace, idan kuma dare ma bai sauko ƙasa da 24 ba, furen zai zube ko da ka shayar da shi kogin Binuwai gaba ɗaya. Baƙin gindin nan kuma ba cuta ba ce da za ka sayi maganin feshi a kanta. Sinadarin kalsiyam ne ba ya isa ga 'ya'yan, domin a tsananin zafi ganye ne yake janye ruwan duka, musamman idan ƙasa tana bushewa ƙayau tsakanin ban ruwa da ban ruwa.

Ka yi wannan lissafi da kanka. Daɓen rumfarka murabba'in mita 192 ne, kuma a ƙasa mai zafi ana so kafofin iska su kai aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na daɓen, wato kusan 38. Ƙofofinka biyu 8 kawai suke ba ka. Saboda haka ka naɗe ledar gefe biyu masu tsawo zuwa sama kamar mita ɗaya da rabi, ka maye gurbinta da raga, sannan, wanda ya fi wannan muhimmanci, ka sa mai walda ya buɗe maka kafa a ƙoƙoluwar rufin daga wannan kai zuwa wancan, ya ɗora mata 'yar hula. Iska mai zafi ta sama take fita, kuma fitarta ce take jawo mai ɗan sanyi ta gefe.

Bayan haka sai inuwa, kuma a nan ne na ga mutane da yawa sun yi asarar kuɗinsu. Suna ɗaura ragar inuwa daga ciki, ƙarƙashin leda, bayan zafin ya riga ya shiga. A waje ake shimfiɗa ta, a bar tazarar kamu ɗaya ko biyu tsakaninta da ledar don iska ta ratsa. Mai tare kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na haske ta ishi tumatir, fara kuma ta fi baƙa. Idan kuɗin raga ba su samu ba, ka dama farar ƙasa ruwa-ruwa ka fesa a bayan ledar. Kada ka ga kamar dabarar talaka ce, manoman Almeriya a kudancin Sifaniya, waɗanda rumfunansu suke ciyar da kasuwannin Turai, haka suke shafe rufinsu kowane lokacin zafi. Ruwan sama na farko zai fara wanke maka ita, daidai lokacin da shuka take sake buƙatar haske.

Hajiya Mai Salak, Injamena:

Baba Malam ya faɗi gaskiya, sai dai akwai iyakar da ya kamata ƙanena ya sani: duk yadda ka buɗe rumfa, ba za ta fi waje sanyi ba. Idan waje 42 ne, to 43 ko 44 za ka samu a ciki, kuma wannan ma ya fi ƙarfin fure. Abin da yake sauko da zafi ƙasa da na waje ruwa ne, ta hanyar nan da randar ƙasa take sanyaya ruwan sha. Wannan hikima ce marigayi Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunyarsa mai tukunya a ciki, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Tawa rumfar mita 12 ce da 6. A kai ɗaya na sa an yi mini bango na ragar waya ninki biyu, tsakaninsu kamar tafin hannu, aka cika da gawayi tsaka-tsaki, ba gari ba, ba manyan dunƙule ba. A samansa akwai bututu mai ƙananan huji yana ɗigo, a ƙasa kwararo yana mayar da ruwan cikin duro, ƙaramin famfo yana sake tura shi sama. A ɗaya kan kuma fankoki biyu suna zuƙo iska waje, dukansu a kan sola, domin wutar gari ba abin dogaro ba ce a watan Afrilu, kuma ranar da take gasa rumfar ita ce take juya fankar. A cikin Maris, sa'ad da iska take bushe har leɓe yana tsagewa, idan ka tsaya kusa da gawayin sai ka ji kamar iskar asuba, ma'auni yakan nuna ƙasa da na waje da digiri goma.

Amma abin yana da sharuɗɗa. Dole gefunan su kasance a rufe yayin da fanka take aiki, in ba haka ba iska za ta bi ta inda ya fi mata sauƙi ta bar gawayin, wato ba za ka haɗa wannan da shawarar Baba Malam a sa'a ɗaya ba. Ni da yamma nake naɗe gefe. Yana kuma shan ruwa, wajen duro biyu a yini. Ruwan rijiyata yana da kanwa-kanwa, bayan makonni sai gawayin ya yi fari, in zubar da na duron in sake sabo. Sannan da iskar damina ta fara kaɗowa a Mayu da laima, sanyin yakan ragu ƙwarai, ku a Garwa ma kun riga mu ganin hadari. Watsa ruwan da kake yi a rufaffiyar rumfa shi ya sa kake jin turiri, domin laimar ba ta da hanyar fita.

Ɗan Fadama, Yagwa:

Da izinin manya, ni ina ganin kokawa da Afrilu asara ce ga mai ƙaramin jari. Shekara uku ke nan ina tsara shukata yadda zan gama tsinkar tumatir kafin ƙarshen Maris. Daga nan sai in tuge karan, in jiƙa ƙasar sosai, in lulluɓe ta da farar leda mai haske, in rufe rumfar ruf har mako biyar ko shida. Zafin nan da yake damunka shi yake dafa tsutsar da take sa saiwa ƙululu, da irin ciyawa, ba tare da na sayi magani ba. Idan kuma ba ka son wurin ya zauna haka, kuɓewa ta fi tumatir haƙurin rana nesa ba kusa ba.

In dai sai ka ci gaba da tumatirin, ka rufe gindinsa da buntun shinkafa ko tattaka mai kauri don ƙasa ta riƙe danshi, ka kuma kula da ragar gefen. Farin ƙuda yana ratsa gidan sauro na talaka, kuma shi ne yake ɗauko cutar da take nannaɗe ganye ta tsugunar da shuka.

Tsohon Malamin Gona, Marwa:

Maganar farin ƙuda gaskiya ce, na gode da tunatarwa. Ragar da take tare shi ita ce mai lamba 50, amma saboda idanunta ƙanana ne tana rage iska sosai, don haka wanda ya sa ta sai ya ƙara faɗin kafofin fiye da lissafin da na bayar.

Mai Lambu, Garwa:

Allah ya saka da alheri, Baba Malam, Hajiya, da ɗan'uwana na Yagwa. Shekaranjiya na fesa farar ƙasa, jiya kuma ni da ƙanena muka naɗe gefe biyu, yau da azahar ma'aunin ya tsaya a 44. Mai walda zai zo ranar Asabar ya duba rufin. Bangon gawayin sai baɗi, idan Allah ya hore kuɗin sola. Rabin rumfar da furensa ya riga ya zube zan tuge shi in gwada lulluɓe ƙasar. Ɗan'uwa na Yagwa, tsohuwar ledar gefe, in na yanko ta, za ta yi wannan aiki, ko sai na sayi sabuwa mai haske?