Na fasa duwatsu biyu cikin sati guda, ina kuskuren yake?

Jikan Iya, daga wajen Birnin Kudu:
Assalamu alaikum. Dutsen niƙan kakata ya yi santsi, ba ya cin gero, tsohon da ke zagayowa yana koɗa mana kuma Allah ya yi masa rasuwa bara. Na ɗauki makoɗi na gwada, ya yi kyau har Iya ta sa mini albarka. Daga nan sai sha'awar sassaƙa sabo ta kama ni. Na ɗauko dutse a gindin fa, maƙeri ya fiƙe mini guntun rodi, na hau bugu. Na farko ya dare biyu a kwana na uku, na biyun gefensa ya ɓalle, bakin rodin ma ya lanƙwashe. Masu sani, a taimaka.

Baba Mai Guduma:
Wa alaikumus salam. Yaro, da ciwonsa ka ɗauko shi. Dutsen da ya daɗe yashe a fili, rana da ruwa sun riga sun ci ƙarfinsa. Kafin ka ɗauka, ƙwanƙwasa shi ka kasa kunne. In ya amsa tangaran kamar kuge, lafiya lau yake. In ya yi dif kamar an bugi ƙasa, akwai tsaga a ciki, bar shi nan. Kai da kake Birnin Kudu ma, ba ka taɓa jin duwatsun nan da ake bugawa suna amo ba, wajen tsoffin zanen jikin dutse? Kunnen ke nan. Ka kuma watsa masa ruwa: in ya fara bushewa, tsaga za ta fito da layinta a jiƙe.

Gefen da ya ɓalle kuwa laifin hannunka ne. Dutsen wajenmu ba itacen turmi ba ne da za ka ɓare da gizago, ɗanɗaƙa shi ake yi kaɗan-kaɗan. Kafa shi a kan yashi, ka riƙa bugu daga gefe kana nufar tsakiya, kada ka taɓa kora bugu zuwa baki. Nawa na farko wata guda ya ci, kuma a karkace ya fito. Maigidana ya ce in kai wa kaji su sha ruwa a ciki.

Ɗan Maƙera, Wudil:
Gaskiyar Baba ce. Rodi kuma taushi gare shi. Nemi tsohon sifirin na mota a ƙera maka. Bakin kaɗai za a tsoma a ruwa bayan ya yi ja, kan da guduma ke sauka a bar shi da taushinsa, in ba haka ba ya tarwatse maka a fuska. In da wuta a garinku, giranda, wato injin nan mai faifai da ke yanka da goge dutse, za ta rage maka rabin wahala.

Baba Mai Guduma:
Bar shi da giranda tukuna. Santsi take bari, shi kuwa dutsen niƙa kaushi yake so.

Maman Ummi, ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, ni ƙurar ce damuwata. Farar ƙurar dutse in ta zauna a huhu ba ta fita, sai bayan shekaru ta dawo da tari da haki, ta kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Jiƙa dutsen kana aiki, ka zauna inda iska ke kwashe ƙurar daga gabanka, ka sa takunkumi na ƙwarai. Rawani ko ƙyalle ba sa tare ta. Tabarau kuma dole.

Jikan Iya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗazu da yamma na ƙwanƙwasa guda 7 a gindin fan, 2 ne kawai suka amsa. Baba, ɗan dutsen fa, daga jikin uwar zan cire shi ko in nemo daban?